Yadda Ake Gane Tukubar Kirki Kafin a Kai Iyali Cin Tsire a Akra

Wani ɗan'uwa da aiki ya dawo da shi Akra daga Kumasi, ya kama haya a Maamobi, shi ne ya aiko da wannan tambaya. Yana son ran Asabar da dare ya fita da iyalinsa cin tsire a nan cikin unguwa: maiɗakinsa mai juna biyu, da yaransu biyu ƙanana, da kawunsa da ya zo ganin likita kan hawan jini. Abin da ya sa yake ɗari-ɗari, kwanakin baya ya sayi cicinga, wato tsire a bakin mutanen Gana, a bakin titi, ya kwana yana zarya tsakanin ɗaki da bayan gida. Wani abokinsa ya ce ya rabu da na unguwa, ya nufi manyan wuraren Osu ko East Legon. Wani kuma ya ce ai in aka zuba yaji sosai babu cutar da za ta yi rai. Tambayarsa ita ce, ta yaya mutum zai gane wurin kirki, kuma in ya je me zai saya wa kowa?

Ƙanena, barka da zuwa, Allah ya sa ka shigo garin a sa'a, ya kuma sauki maiɗakinka lafiya. Ni a gidan fawa aka haife ni, tun ban kai tsayin tukuba ba nake tsire nama a tsinke, daga baya kuma na yi aikin duba-gari, ina bin masu sayar da abinci layi-layi. Tun farko in gaya maka, shawarar abokan nan naka babu wadda zan ɗora ka a kai.

Ta mai yaji ba ta buƙatar dogon bayani. Barkono harshenka yake ƙonawa, ƙwayar cuta ko a jikinta. Shi kansa yajin yana iya zama hanyar cuta in ya daɗe a buɗe ana cusa masa hannu. Kuma duk wanda ya tashi a sana'ar nan ya san naman da ya fara juyawa shi ake lafta wa yaji, don kada hanci ya tona asiri. In ka ga mai tsire yana zabga maka yaji ba ka roƙa ba, har ba ka ganin launin naman, ka ɗan dakata.

Ta mai Osu kuma da ɗan gaskiya a ciki, don akwai manyan wurare masu tsafta ƙwarai, da firiji da ruwan famfo da ma'aikatan da aka horar. Amma a can bango ne tsakaninka da madafa, abin da aka ajiye maka a faranti kawai kake gani. A tukubar unguwa babu abin da ke ɓoye. Ga ɗanyen naman, ga wutar, ga wuƙar, ga hannun mutumin, duk a gabanka. Sannan mai tsiren da ya yi shekara da shekaru a kusurwa ɗaya a Nima ko Maamobi ko Sabon Zango, sahu ɗaya kuke a masallaci, 'ya'yansa da na maƙwabta makarantar allo ɗaya suke. Ranar da namansa ya kwantar da gida guda, kafin rana ta fito labari ya gama layi. Tsoron zubewar mutuncin nan yana tsare nama fiye da yadda mutane suke zato, na gani da idona. Don haka kada ka fara da intanet. Tambayi mai gidan da kake haya, ko ladanin masallacinku, ko matan gidan, ka ce a ina suke sayo wa 'ya'yansu. Sunan da ka ji an maimaita, can za ka nufa. Ka leƙa kai kaɗai ran Alhamis ko Juma'a, ka sayi tsinke biyu, ka tsaya kana ci kana kallo, kafin ka kwashi iyali ran Asabar.

Abin da za ka fara lura da shi lokaci ne. Ga yadda yinin mai tsire yake. Da sassafe ya je mayanka ko wurin mahaucinsa ya ɗauko nama. Daga hantsi zuwa azahar yana zaune yana cire jijiya, yana yanka tsokar fale-fale, yana tsirewa, yana shafa yajin farko. Bayan la'asar ya hura gawayi, ya jira harshen wuta ya kwanta, garwashi ya yi fari-fari da toka. Zubin farko yakan sauka wajen magariba. Daga nan zuwa bayan isha'i kaɗan naman yake kan ganiyarsa, a lokacin ne kuma ciniki yake gudu, abin da ya sauka daga wuta ba ya daɗewa an naɗe shi. Mai zuwa sha ɗayan dare, sau da yawa abin da aka bari yake samu.

Ba don daɗi kaɗai na dage kan lokaci ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi bayani cewa ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa a abinci tsakanin digiri 5 zuwa 60, kuma bai kamata dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye haka kawai ba. To Akra ko da tsakar dare zafinta yana sama da digiri 20, balle gefen tukuba. Tsiren nan da aka jera can bakin wayar gashi, nesa da garwashi, wanda in ka taɓa za ka ji shi ɗumi-ɗumi, ba zafi ba sanyi, daidai inda cuta take so yake zaune. Mutane sukan ce ai za a mayar da shi wuta. Mayarwa tana kashe ƙwayoyi da yawa, gaskiya ne, in zafin ya ratsa har ciki ya kai digiri 70. Amma akwai wata ƙwaya da ke zaune a fatar mutum da hancinsa da ƙurjin hannu, wadda in ta samu awoyi a kan nama takan zubar da guba, gubar kuma wuta ba ta karya ta. Ita ce mai sa mutum amai farat ɗaya, 'yan awoyi bayan ya ci.

Kwantai kuwa, wanda ya kwana bai ƙare ba aka sake fito da shi, ba ya ɓuya ga mai lura. Dubi tsinken: na yau da haskensa, sai ɗan baƙi a baki, wanda ya sha wuta sau biyu ya yi duhu har wajen mariƙi. Dubi tsokar: ta yau a cike take, tana naso da kanta, in aka danna ta da wuƙa ruwa ya ɗan fito, ta jiya ta ƙanƙance ta saki tsinke, gefenta ya bushe ya nannaɗe, ƙyallin da ke jikinta na man da aka shafa yanzu ne. Yajin da ke kanta ya dunƙule ya yi baƙi-baƙi maimakon ja mai haske. Hanyar da ta fi duk wannan sauƙi ita ce ka ce, “Baba, a ɗauko mini daga ɗanye a gasa, zan jira.” Mai tsiren kirki daɗi zai ji, don ya samu wanda ya san nama. Minti 15 zuwa 20 ne. Wanda ya ɓata rai, ko ya ce ɗanyen ya ƙare alhali ga tsire tuli tun da magariba, ka yi masa sai da safe cikin mutunci.

Yanzu ga inda na fi son ka buɗe ido, domin a aikina nan na fi ganin ɓarna. Wuta tana yin aikinta, nama yakan sauka daga garwashi tsaf. Matsalar tana tsakanin waya da bakinka, inda naman yake bi ta kan katako, da wuƙa, da hannu, da albasa, da kwanon yaji, da takarda, kuma babu ɗayansu da ya shiga wuta.

Tsaya ka dubi katakon. A kansa aka datsa ɗanyar kaza ɗazu, yanzu kuma ake yanka maka gasasshe? Katako ɗaya, wuƙa ɗaya, ɗanye da gasasshe, wannan shi ne babban laifin da ake yi a sana'armu, kuma yawancin masu yin sa ba mugunta ba ce, haka suka taras ana yi. Gungumen da ya tsattsage, kitse ya cike tsagar ya yi baƙi, goge shi da tsumma ba ya fitar da komai, sai an kankare an wanke da ruwan zafi da sabulu. Tsumman ma abin dubawa ne. Akwai wanda da tsumma ɗaya zai share wuƙa, ya share teburi, ya share zufa, ya kama waya mai zafi. Sai kuɗi. Takardar sidi biyar ta bi ta hannun yaron mota da mai kifi da mai gawayi kafin ta iso. In hannun da ya karɓe ta shi ne ya koma ya damƙo albasa ya watsa maka, to aikin wutar ya tashi a banza. A tukubar da ta san kanta za ka ga yaro daban yana karɓar kuɗi yana ba da canji, maigida kuma hannunsa na nama ne kawai. Inda ake karɓar MoMo, wato biyan kuɗi ta wayar salula, ka tura kawai.

Albasa da tumatir da kabeji su ne ba a zargi, sau da yawa kuma su ne masu laifin. An yanka su tun la'asar, ɗanyu ne, an ɗauraye da ruwan da ba ka san asalinsa ba, ƙuda ya sauka ya tashi. Waɗanda suke garin nan a 2014 ba su manta kwalarar da ta kama sama da mutum 28,000 a faɗin Gana ba, mafi yawansu a nan Akra da kewaye. Ta ruwa da abincin da hannu ya taɓa take yawo, da damina kuma ta fi ƙarfi. Ni in na je da yara, sai in ce a ɓare sabuwar albasa a gabana, ko a ɗora yankakkiyar a kan waya ta sha wuta tare da naman. Ta fi ma zaƙi. Kabeji da latas sai a gida.

Wajen wanke hannu, in ka ga kwano ɗaya ruwan ya yi kauri kowa yana tsomawa, gara ka sayi ruwan leda ka zuba wa kowa. Abin da ake so ruwa mai zuba da sabulu, ko da buta ne, ko bokitin nan mai famfo da 'yar ƙasar nan Veronica Bekoe ta ƙirƙiro, wanda ya cika ko'ina lokacin korona. Takardar naɗi kuma, tsohuwar jarida tana sakin tawada a jikin nama mai zafi da maiƙo, takardar buhun siminti ba don abinci aka yi ta ba, baƙar leda ma haka. A nemi takarda marar rubutu, ko faranti, ko ka zo da kwanonka mai murfi daga gida.

Asalin naman fa? Sana'ar nan tsohuwa ce a unguwannin nan. Nima kanta masaukin shanu ce a farkon shekarun 1930, lokacin da Malam Amadu Futa, mai fataucin shanu, ya samu filin daga hannun mutanen Osu. Har yau yawancin shanu da tumakin da Akra ke ci daga arewa suke gangarowa, daga Burkina Faso da Mali da Nijar da arewacin Gana, a manyan motoci ta Paga da Bolga da Tamale, su sauka a kasuwar Tulaku ta Ashaiman da makamantanta. Dabbar da ta bi ta mayanka mai rajista, ma'aikacin lafiyar dabbobi yana duba ta da ranta, ya sake duba naman da hanta da huhu bayan an feɗe. Wadda aka yanka a lungu da dare saboda ta kusa mutuwa, babu wanda ya duba ta. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. A tsakiyar 2023 cutar saifa ta ɓulla a Binduri da kewayenta, can wajen Bawku, har aka rasa rai, hukuma ta hana yanka da safarar dabbobi a yankin na wani lokaci. Ta hanyar feɗe dabbar da ta faɗi da cin namanta take shiga mutane. Don haka tambayi mai tsire, “Wajen wa kake ɗaukar nama?” Na gaskiya zai faɗa maka mahaucinsa da kasuwarsa ba inda-inda, wataƙila ma ya haɗa maka da tarihin kakansa. In kuma ka ga tsiren wani ya fi na kowa girma ya fi na kowa sauƙin kuɗi, alhali kasuwa ɗaya ake zuwa, ka tuna araha ba ta ado.

A cikin zango batun yanka bai cika zama damuwa ba, tunda fawa a hannun musulmi take. Inda za ka yi tambaya shi ne kaza da ƙundu da sosej. Mafi yawan kajin da ake ci a Gana daskararru ne da ake shigowa da su a kwali daga ƙasashe irin su Barazil da Amurka da na Turai, ana saye a kolsito, wato shagon daskararrun kaya. Wasu kwalayen suna da tambarin halal, wasu babu, sosej kuma sai an karanta ledarsa a san da naman me aka yi shi. Haka nan in ka fita zango, musamman gefen mashaya, akwai inda ake gasa alade a waya ɗaya da sauran nama, ko a maƙwabciyar waya amma da wuƙa ɗaya. Tambaya a nan ba rashin kunya ba ce. Ganda kuma, in ana sayarwa a wurin, ka shinshina, don akwai masu babbaka da tsohuwar taya, hayaƙinta guba ne, warinsa ba ya fita duka.

Za ka iya ganin takardu a manne: shaidar gwajin lafiya da asambili, wato ƙaramar hukuma, ke bai wa masu sayar da abinci, wadda ake sabuntawa duk shekara, da izinin hukumar abinci da magunguna, FDA. Samunsu alama ce mai kyau, mutumin bai guje wa hukuma ba ke nan. Amma takarda labarin ranar da aka yi gwaji take bayarwa, kada ta hana ka duba katako.

To me za a saya? Bari in fara da maiɗakinka, don ita ce mai lalura. Tsokar sa ko ta rago da aka yanka fale-fale ita ce mafi aminci a tukuba, saboda a gunduwar tsoka yawancin ƙwayoyin cuta a bayanta suke, wuta kuma bayan take fara ci. Duk da haka mai ciki ba ta cin mai ja a tsakiya ko kaɗan. Naman da bai nuna ba yana iya ɗaukar wata ƙwaya, toksofilasma, da ke iya taɓa ɗan da ke ciki, ban da tsila da ake samu a naman shanun da bai ji wuta ba. Ka ce a gasa nata ya nuna sosai, a tsaga a nuna maka. Hanta kuma, ana cewa tana ƙara jini, kuma gaskiya ne, sai dai bitamin A ya yi yawa a cikinta, shi ya sa likitoci ke hana masu ciki yawaita ta, musamman a watannin farko. Ta haƙura da ita, da sosej, da ɗanyen ganye. In ƙwannafi yana damunta a sa mata yaji a gefe, a kuma zaunar da ita inda iska ba ta kaɗo hayaƙi.

Kaza da zabo hukuncinsu daban ne da na jan nama, ba a yi musu gaggawa, sai sun nuna har jikin ƙashi. Zabo, wanda 'yan'uwanmu na Bolga da Tamale suka ƙware a kai, namansa ya fi na kaza ƙarfi da ɗanɗano, ba shi da kitse sosai, in aka yi masa wuta mai ƙarfi sai waje ya ƙone ciki da jini. A tsaga cinya wajen gaɓa, a dubi ruwan da ya fito. In da ja, a mayar.

Yara a zare musu naman daga tsinke tun kafin ya isa hannunsu, a yayyanka ƙanana, a cire jijiya da guringuntsi. Na ga yaron da ya faɗi da tsinke a baki, ba na fatan kowa ya gani. Sannan ka tuna tushen yajin tsire ƙuli-ƙuli ne, wato gyaɗa, tare da citta da barkono da kanumfari da masoro da kimba da gishiri da dunƙulen ɗanɗano. Wasu a nan Gana suna ƙara soyayyen garin masara. In akwai yaron da gyaɗa ke sa wa ƙaiƙayi ko kumburin leɓe ko sarƙewar numfashi, cewa “kada a sa yaji” ba ta wadatar ba, don tun yana ɗanye aka shafe naman da shi, man da ake shafawa ma sau da yawa na gyaɗa ne. Irin wannan yaro kada ya ci komai daga tukuba. Yajin kirki ƙamshin gyaɗa da citta yake yi. Wanda ke warin tsohon mai ko na fumfuna daga ruɓaɓɓiyar gyaɗa ya fito, ita kuma tana iya ɗaukar gubar da ke lalata hanta a hankali. Masu tsiren da na fi yarda da su, da kansu suke shiga kasuwar Nima ran Laraba su zaɓo kayan, a daka a gida.

Kawu kuma, Allah ya ba shi lafiya, ba sai an hana shi ba. Abokin gabarsa gishiri ne, a tsire kuwa gishiri hawa-hawa yake: na jikin nama, na cikin yaji, da na dunƙule. Abin da ake so babba ya ci a yini kada ya kai giram 5, kusan ƙaramin cokali ɗaya, tsire da shito, baƙin yajin nan na Gana, kuwa nan da nan suke cinye wannan kason. A yi masa balangu na tsoka zalla, ko ƙirjin zabo, a ce kada a barbaɗa yajin ƙarshe, a matsa masa lemun tsami. Tozo, wanda ni a wurina babu abin da ya kai shi daɗi a jikin sa, kitse ne ya ratsa shi. Yanka ɗaya ya ishe shi. Cofi, wutsiyar talotalon nan, tun 1999 gwamnati ta hana shigowa da ita saboda yawan kitsenta, amma har yanzu tana leƙowa, ka bar ta. Inda ya ƙone ƙurmus kuma a kankare wa kowa. Kitse in ya ɗiga a garwashi, hayaƙin da ke tashi yana manna wa nama sinadaran da ake dangantawa da ciwon daji in an daɗe ana ci. Fitar Asabar jefi-jefi ba abin tayar da hankali ba ce, amma ka lura, gwanin gashi ba ya barin harshen wuta ya lashi nama. Da ya ga ta tashi sai ya janye tsinken ko ya yayyafa ruwa.

Abin haɗawa ba wuya. Dokunu mai zafi da aka ɓare a gabanka, ko banku, ko soyayyar doya daga kasko, duk sun fi shinkafar da ta yini a kula. Sobolo, wato zoɓo, da lamurji a saya wurin wadda aka sani, don ruwa da ƙanƙarar da aka sa su ne abin tambaya. In babu, ruwan kwalba, a rufe da ataya. Wurin zama a zaɓi mai 'yar rumfa da benci daga ciki, nesa da bakin gota da ƙurar titi. Wannan har da mutuncin kawu, domin dattawa da yawa ba sa son a gan su suna tauna a bakin hanya. Ka ji ra'ayinsa tun a gida. In ya nuna nauyi, a naɗo da zafinsa ku ci gaba ɗaya a tsakar gida.

In ka isa yi sallama, ka gaida maigida da aiki kafin ka ambaci nama. Tambayi farashi tun farko, ka faɗi na nawa kake so, kada a ji kunya a gaban iyali. Ɗanɗanon da zai miƙo maka al'ada ce, karɓi, da shi za ka auna gishiri da taushi kafin a yanka na kawu. Gyara ba a ƙwace ta. Ranar da ka zama na gida da kanta take zuwa, har ya riƙa ajiye maka wajen da ya san kana so.

Saura zawon da ka yi. Mai yiwuwa cicingar ce, mai yiwuwa kuma ba ita ba ce. Mutum abin da ya ci na ƙarshe yake zargi, alhali cututtukan nan kowace da lokacinta. Gubar da na ambata tana bugawa cikin awoyi kaɗan, da amai. Salmonela takan ɗauki daga awa 6 har kwana 6. Wata ƙwayar da ake samu a kajin da ba su nuna ba, kwana 2 zuwa 5. Taifot kuwa sai ta yi mako ɗaya zuwa uku kafin zazzaɓi ya bayyana. Wanda ya ci tsire da dare ya tashi da zawo, zai yiwu waken shekaranjiya ne, ko ruwan da ya sha. In dukan waɗanda suka ci tare sun kwanta, to nan zargi ya yi ƙarfi, kuma ya kamata a koma a gaya wa mai tsiren a keɓe. In ya yi kunnen ƙashi, ofishin duba-gari na asambili yana karɓar ƙorafi.

In hakan ta sake faruwa a gidanka, Allah ya kiyaye, abin da ke kisa a zawo ƙarewar ruwan jiki ne. Ka ajiye ƙullin ORS na kemis, garin gishiri da sukarin nan da ake jiƙawa a ruwa, a gida. In babu, ruwan leda biyu lita ɗaya ke nan, a zuba ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a riƙa kurɓa. Kada a fara da maganin tsayar da zawo ko kafson kan tebur, musamman ga yara. In aka ga jini a bayan gida, ko zazzaɓi mai zafi, ko zawo fari mai kama da ruwan shinkafa, ko aman da ba ya barin ruwa ya zauna, ko yaro idonsa ya faɗa ya daina fitsari, asibiti nan take, ko da tsakar dare ne. Maiɗakinka da kawu kuwa ba a jiran waɗannan alamu, da abu ya fara a tafi.

Abin da ya rage kuka naɗo gida ya shiga firiji kafin awa 2, gobe a mayar da shi kasko har ya yi tururi. In aka ɗauke wuta cikin dare firijin ya huce, kada a ba yara da safe. Mafi sauƙi ka fara sayen kaɗan, in bai isa ba a ƙara gasa wani, tunda kuna nan zaune, ga wuta ga mai nama.